Gwajin Tarihi: Yadda Ake Auna Manhajojin Da Ke Ciniki Da Kansu A Kasuwar Foreks Da Kirifto

Akwai wani hoto da ya zama ruwan dare a zaurukan WhatsApp da Telegram na matasan Najeriya. Layi ne kore da ke hawa daga kusurwar hagu ta ƙasa zuwa kusurwar dama ta sama, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta cewa wata manhaja ta ninka jarin mai ita sau da dama yana barci. Daga nan sai tayi ya biyo baya: ko dai a sayi manhajar, ko kuma a miƙa wa masu ita kuɗi su riƙa juyawa.

Da yawa daga cikin waɗannan hotuna ba daga ciniki na zahiri suka fito ba. Sakamako ne na abin da Turawa ke kira backtesting, wanda za a iya kira gwajin tarihi da Hausa, wato a ɗora wata dabarar ciniki a kan farashin shekarun baya domin a ga ribar ko asarar da za ta jawo da a ce an yi aiki da ita a wancan lokaci. Shi gwajin ba damfara ba ne, manyan bankuna da kamfanonin zuba jari na duniya suna yin sa kullum. Matsalar tana ga nauyin da ake ɗora masa, domin yana da ƙarfin nuna cewa dabara ba ta da amfani, amma ƙarfinsa na yin alkawarin riba kaɗan ne ƙwarai.

Mece ce manhajar ciniki?

Manhajar ciniki, wadda matasa ke kira bot ko robot, jerin sharuɗɗa ne da aka rubuta wa kwamfuta. Misali, a ce mata idan matsakaicin farashin kwanaki 20 ya haura na kwanaki 50 ta saya, idan ya koma ƙasa ta sayar, idan kuma asara ta kai kashi 2 cikin 100 na jari ta fita. Ba ta gajiya, ba ta tsoro, ba ta kwaɗayi. Ba ta kuma san komai ba in ban da abin da aka rubuta mata.

Daga cikin dandamalin da ƙananan 'yan kasuwa suka fi amfani da su akwai MetaTrader 4, wanda kamfanin MetaQuotes ya fitar a shekarar 2005, sai ƙanensa MetaTrader 5 da ya biyo baya a 2010. A cikinsu ana kiran manhajar ciniki Expert Advisor, sashen gwaji kuma Strategy Tester. Akwai kuma TradingView, inda ake rubuta dabara da harshen kwamfuta na Pine Script. Mutum zai zaɓi abin da yake so ya gwada, kamar yuro da dala, ko zinare, ko Bitcoin, ya saka tsawon shekarun, ya latsa. Cikin 'yan mintuna kwamfuta za ta ratsa farashin shekaru goma ta ba shi rahoto: ciniki nawa aka yi, nawa aka ci, nawa aka faɗi, da kuma wancan layin da ake yaɗa hotonsa.

Wanda ya san kasuwar hatsi ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Ɗan kasuwar Dawanau da ke cewa a sayi masara da kaka a sayar da damina, gwajin tarihi ya yi a ƙwaƙwalwarsa: ya duba shekarun da suka wuce ya ga dabarar ta ci. Amma a 2025 farashin hatsi ya sauka maimakon ya hau, bayan matakin da Gwamnatin Tarayya ta ɗauka a 2024 na ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci, kuma da dama daga waɗanda suka cika rumbuna da tsada sun sayar da asara. Tarihin da suka dogara da shi gaskiya ne, sai dai bai ƙunshi shekarar da ta zo musu ba.

Rigar da aka ɗinka wa jiya

Babban ramin da ake faɗawa a wannan fage shi ne yawan gyare-gyare. Dandamalin ciniki suna da sashen da ke bai wa mutum damar gwada dubban saituka a dare ɗaya: kwanaki 20 da 50, ko 21 da 48, ko 17 da 63, har iyakar abin da kwamfuta za ta iya ɗauka. Da safe sai ta jero masa su, mafi riba a sama. Shi kuma ya ɗauki na farko ya ce ya gano sirrin kasuwa.

Lissafi mai sauƙi zai nuna kuskuren. A tara mutum 1,024 a fili, a riƙa jefa kwabo sama, kowa ya faɗi fuskar da zai faɗo a kai. Duk wanda ya kuskure ya fita. Bayan jifa na farko kimanin 512 za su rage, bayan na biyu 256, haka za a yi ta raguwa har jifa na goma, inda ake sa ran mutum ɗaya zai rage wanda bai kuskure ko sau ɗaya ba. Idan aka ɗauki hoton tarihinsa kaɗai, ba a nuna sauran 1,023 ba, sai a ɗauka waliyyi ne. Amma a jifa na goma sha ɗaya damarsa daidai take da ta kowa.

Masana lissafi huɗu, David Bailey da Jonathan Borwein da Marcos López de Prado da Qiji Jim Zhu, sun wallafa wata maƙala kan wannan batu a mujallar Ƙungiyar Masana Lissafi ta Amurka a 2014. Sun nuna cewa idan tarihin shekara biyar kaɗai mutum ke da shi, gwada saituka masu zaman kansu da suka wuce 45 ya isa ya samar masa da dabarar da za ta yi kyau a takarda alhali ba ta da wata riba da ake sa rai a gaba. Arba'in da biyar ke nan, ga shi kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka tana gwada dubbai kafin a kira sallar asuba.

Tun kafin su, wani masanin harkar kuɗi a Amurka, David Leinweber, ya yi wa abokan sana'arsa wani ba'a da ya shahara. Ya tono alƙaluman ƙasashen duniya ya gano cewa yawan man shanun da ake samarwa a Bangladesh ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da ma'aunin hannayen jari na S&P 500 na tsawon kusan shekara goma. Da ya haɗa da yawan tumaki da cuku, sai daidaiton ya kusa cika. Babu wata alaƙa tsakanin shanun Bangladesh da kasuwar New York. Abin da ya so ya nuna shi ne duk wanda ya daɗe yana tono a tarihi, zai samu abin da ya yi kama da sirri.

Dabarar da aka yi ta sassaƙa har ta dace da kowane lanƙwasa na farashin baya kamar riga ce da tela ya ɗinka daidai jikin mutum a zaune. Tana yi masa kyau matuƙar bai motsa ba.

Abubuwan da gwaji ke mantawa

Ko da ba a yi wannan wuce gona da iri ba, akwai kuɗaɗen da ke fita a ciniki na zahiri waɗanda gwaji kan raina. Na farko shi ne tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Duk wanda ya taɓa canjin kuɗi a Wuse Zone 4 da ke Abuja ko Wapa a Kano ya san cewa idan ya sayi dala ya juya nan take ya sayar wa mutumin da ya saya a hannunsa, zai bar 'yan nairori a wurin. Haka abin yake a foreks, kuma tazarar ba a tsaye take ba. Takan buɗe sosai a tsakar dare, da lokacin da ake fitar da manyan alƙaluma kamar rahoton ayyukan yi na Amurka. Sashen gwaji na MetaTrader 4 kuwa tazara guda yake ɗorawa a kan dukan shekarun. Ga dabarar da ke ciniki sau dubu a shekara tana tsintar riba ƙanana, wannan bambanci kaɗai yana iya mayar da layi kore ja.

Na biyu zamewar farashi: manhaja ta ba da umarni a wani farashi, kafin umarnin ya isa wurin dillali farashin ya gusa. A gwaji, sai dai in an saita jinkiri da gangan, komai nan take yake cika. Na uku kuɗin kwana, wanda dillali ke caja ko biya a kan cinikin da ya kwana a buɗe.

Sai ingancin bayanan farashin kansu. MetaTrader 4 ba ya riƙe kowane motsin farashi na baya, yana ƙiyasta abin da ya faru a cikin kowane minti ne, shi ya sa rahotonsa ke nuna makin inganci da ba ya wuce kashi 90 cikin 100 sai an shigo da bayanai daga waje. MetaTrader 5 ya rage wannan matsala domin yana iya gwaji da ainihin motsin farashin da dillali ya ajiye. Akwai kuma kuskuren leƙen gaba, inda dabara ke yanke shawarar safe da bayanin da ba a samu ba sai da yamma. Wasu alamomin da ake sayarwa suna sake zana kansu bayan farashi ya wuce, sai kibiyoyinsu su riƙa bayyana daidai ƙololuwa da daidai ƙasa kamar masu duba.

Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin abubuwa biyu. Agogon Najeriya ba ya sauyawa duk shekara, amma na Landan da New York suna sauyawa, kuma dillalai da yawa suna saita nasu agogon awa ɗaya ko biyu gaba da namu gwargwadon lokacin shekara. Buɗewar kasuwar Landan ƙarfe tara na safe ne a Abuja daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, ƙarfe takwas kuma a sauran watanni. Dabarar da aka ɗaure da sa'a tana iya yin ciniki a lokacin da ba shi aka gwada ba. Na biyun kuwa kowa ya san shi: a cikin gwaji ba a ɗauke wuta, intanet ba ta yankewa. Manhajar da ke kan kwamfutar gida tana daina aiki da zarar kwamfutar ta mutu, shi ya sa masu abin da gaske ke hayar kwamfutar nesa da ba ta mutuwa, kuma kuɗin hayar ma yana cikin lissafi.

Ranar da ba ta cikin tarihi

A ranar 14 ga Yunin 2023, Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya sakar wa naira mara. A yini ɗaya dala ta tashi daga kimanin naira 470 zuwa sama da 660 a kasuwar hukuma, kuma kafin ƙarshen Janairun 2024 ta wuce 1,400. Duk dabarar da aka gina a kan farashin hukuma na watannin da suka gabaci wannan rana, layi kusan miƙaƙƙe ta gani, domin hukuma ce ke riƙe da farashin. Babu abin da ke cikin alƙaluman da zai gaya mata cewa sanarwa ɗaya daga Abuja za ta sauya komai.

Irin wannan ya faru a Turai ranar 15 ga Janairun 2015. Babban Bankin Suwizalan ya shafe fiye da shekara uku yana hana yuro faɗuwa ƙasa da farank 1.20, manhajoji da yawa kuma suka koyi saye a kusa da wannan iyaka domin tarihi ya nuna ba a ƙetare ta. Da bankin ya janye ba zato ba tsammani, farashi ya rufta cikin mintuna, umarnin tsayar da asara bai samu mai saye ba. Kamfanin dillanci na Alpari UK ya durƙushe, FXCM kuma sai da ya karɓi rancen ceto na dala miliyan 300. Wasu ƙananan 'yan kasuwa sun rasa jarinsu, suka kuma wayi gari da bashi a kansu.

Mai gwada dabara a kan hannayen jarin Najeriya yana da tasa matsalar. Ma'aunin kasuwar ya wuce maki 66,000 a watan Maris na 2008, ya faɗo ƙasa da 20,000 a farkon 2009. Wanda ya fara gwajinsa daga 2020 bai ga wannan ba. Sannan idan ya ɗauki kamfanonin da ke kan allo a yau kaɗai, ya cire Afribank da Bank PHB da Spring Bank da aka ƙwace lasisinsu a 2011, da Skye Bank da ya bi sahu a 2018, ba tare da ya sani ba. Ya gwada dabararsa ne a kan waɗanda suka tsira.

Yadda ake karanta rahoton gwaji

Idon mutum kan fara sauka a kan jimillar riba, alhali ita ce adadi mafi ƙarancin amfani. Wanda ya fi ta muhimmanci shi ne zurfin faɗuwa, wato mafi girman raguwar da jari ya yi daga ƙololuwa kafin ya farfaɗo. Jarin da ya ragu da kashi 50 cikin 100 yana buƙatar ribar kashi 100 kafin ya koma inda yake. Kuma faɗuwar da za a gani a gaba takan fi wadda aka gani a gwaji.

Yawan cin nasara ma yana yaudara. Akwai manhajojin da ke nuna sun ci kashi 95 cikin 100 na cinikinsu, sirrinsu kuwa shi ne ninka kuɗi bayan kowace asara har sai an ci. Wanda ya fara da dala 10, idan ya faɗi sau goma a jere, ya zubar da dala 10,230, duk don neman ribar dala 10. Layin irin wannan manhaja santsi gare shi na watanni, ranar da zai faɗi kuma sau ɗaya yake faɗuwa.

Masu bin ƙa'ida sukan raba tarihi gida biyu. Su gina dabara a kan kashi na farko, su kulle na biyu, sai an gama komai su gwada ta a kansa sau ɗaya. Idan suka koma suka yi gyara saboda abin da suka gani, kashi na biyun ya daina zama alƙali. Sukan kuma ɗan gusa saitin su gani: dabarar da ke cin riba da kwanaki 20 amma ta rushe da 19 ko 21, dace ta yi. Bayan nan sai asusun gwaji na watanni a kan farashin da ke gudana, sannan ƙaramin kuɗi na gaske. Mafi yawan dabaru a nan suke mutuwa, kuma wannan shi ne amfanin gwajin.

Tambaya ɗaya tak ta isa a yi wa mai tallar manhaja: saituka nawa ka gwada kafin ka zaɓi wannan? Da wuya a samu amsa. Akwai ma tambayar da ta riga ta, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin da ke da injin ninka kuɗi, me zai yi da 'yan dalolin mai saye?

Abin da doka ta ce

Hukumomin duniya sun daɗe da sanin haɗarin. Hukumar kula da cinikin kayayyaki ta Amurka, CFTC, ta wajabta wa masu tallar sakamakon gwaji su rubuta gargaɗin cewa ba ciniki na zahiri ba ne, a Janairun 2024 kuma ta ja kunnen jama'a kan masu da'awar cewa ƙirƙirarriyar basira ta AI tana ba manhajojinsu tabbacin riba. A 2018 hukumar kula da kasuwannin jari ta Tarayyar Turai ta ce kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan 'yan kasuwa a irin wannan ciniki asara suke yi, ta kuma taƙaita ninkin aro zuwa 30 a kan manyan kuɗaɗe. Dillalan ƙetare da ke neman 'yan Najeriya kuwa sukan ba da ninki ɗaruruwa. Da ninki 100, dala 100 tana riƙe cinikin dala 10,000, motsin kashi 1 cikin 100 kuma ya isa ya share ta.

Wani lokaci ma babu manhajar sam. Kamfanin Mirror Trading International na Afirka ta Kudu ya tara Bitcoin na sama da dala biliyan 1.7 da sunan wata manhajar ciniki kafin ya rushe a ƙarshen 2020. A Najeriya, dandalin CBEX ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 da sunan ciniki da fasahar AI, ya kuma daina biya a watan Afrilun 2025. Fusatattun masu zuba kuɗi sun fasa ofishinsa a Ibadan, hukumar EFCC ta buɗe bincike, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja kuma ta ba ta izinin kama wasu da ake zargi. Alkawarin da kansa ya isa shaida: naira 100,000 da ke ninkuwa kowane wata za ta zama naira miliyan 409.6 a shekara ɗaya, ta wuce tiriliyan ɗaya da rabi a shekara biyu.

Makonni kaɗan kafin rushewar CBEX, a watan Maris na 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a sabuwar Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari, wadda ta maye gurbin ta 2007. Dokar ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, SEC, mai hedikwata a Abuja, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin da zai iya kai shekara goma, ko duka biyun, ga masu shirya damfarar Ponzi. Hukumar, ƙarƙashin Babban Daraktanta Dokta Emomotimi Agama, ta bayyana cewa gudanar da dandalin foreks ko na kirifto ba tare da rajista da ita ba laifi ne.

Ga masu karatu Musulmi akwai wani ɓangaren da rahoton gwaji ba ya taɓawa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2006, ta yanke cewa ciniki da kuɗin aron dillali a sigarsa da aka sani bai halatta ba, saboda ruwan da ke cikin kuɗin kwana da kuma haɗa rance da sharaɗin ciniki ta hannun mai ba da rancen. Dillalai da yawa suna tallar asusun da ba a cajin kuɗin kwana, wasunsu kuma sukan maye gurbinsa da wani cajin na daban, wanda shi ma ya kamata ya shiga lissafin gwaji.

Wani abin da ya rikita mutane a badaƙalar CBEX shi ne takardu. Takardar rajistar kamfani ta hukumar CAC tana nuna cewa kamfanin yana da suna a hukumance ne kawai. Takardar sashen SCUML na EFCC kuma ta shafi sa ido kan halasta kuɗin haram, kuma hukumar ta fito ta ce ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Wanda zai karɓi kuɗin wani ya juya masa a kasuwar jari, ko da hannu ko da manhaja, rajistar SEC yake buƙata, kuma hukumar tana da jerin sunayen waɗanda ta yi wa rajista a shafinta na intanet, inda kowa zai iya dubawa kyauta.